Urushi: sana'ar shafen kwanoni ta ƙasar Japan da yadda ake koyon ta

Yau mun leƙa ƙasar Japan, inda ake wata sana'ar hannu mai suna urushi. Akushi ne ko faranti na icce ake shafawa da ruwan wani icce, har ya yi baƙi ko ja, yana sheƙi kamar madubi.

Ruwan nan tsaga bawon iccen ake yi a tara, kamar yadda ake ɗibar ƙaro. Sai icce ya kai shekara 10 zuwa 15 kafin a tsaga shi, kuma abin da yake bayarwa bai wuce giram 200 ba. Abin mamaki, rana da iska ba sa busar da shi. Laima yake so, shi ya sa ake ajiye kayan cikin akwati mai danshi har shafen ya kama.

To, koyon fa? Wahalar farko a jiki take: ɗanyen ruwan yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje, almajiri sai ya daure. Kafin a ba shi kwano, sai ya iya gyaran kayan aiki, ciki har da buroshi na gashin mutum. Daga nan a shafa, a bari ya kama, a goge da dutse ko gawayi, a sake shafawa. Ƙwayar ƙura ɗaya tana ɓata aikin kwanaki. Masu ado kuma suna koyon maki-e, wato a yi zane da ruwan iccen, a barbaɗa garin zinariya tun bai kama ba.

Garin Wajima, a jihar Ishikawa, ya yi suna a wannan aiki. Kwano guda yakan bi matakai sama da 100, ta hannun masassaƙi, mai shafe da mai ado, kowa da nasa fanni. Bisa al'ada, almajiri yana shekara 4 wurin maigida. A 1967 aka buɗe makarantar koyon sana'ar a garin, a 1977 kuma gwamnati ta sa aikin Wajima cikin kayan gadon da take karewa.

Ranar 1 ga Janairun 2024, girgizar ƙasa ta afka wa yankin, gobara ta cinye kasuwar safe ta Wajima, wuraren aiki da dama suka rushe. Ka ga tun da aikin hannu-da-hannu ne, in masassaƙi ya bar gari, mai shafe ba shi da abin shafawa. Ga shi da yawa daga cikin gwanayen sun manyanta. Gini dai ana sake shi, amma abin da ke hannun dattijo, in bai samu almajiri ba, tare za su tafi.