Daga wuyan sa zuwa cajin waya

Kullum muna cewa "jona mini wayar nan", amma ba mu cika tambayar inda muka samo jona ba. Daga join ta Turanci muka are ta, su ma Turawan Ingila aro suka yi.

A 1066 Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu. Ta wannan ƙofa join ta shigo. Faransawa kuma sun gaje ta daga jungere ta Latin, wadda ke da tushe ɗaya da jugum, wato karkiya, itacen nan da ake ɗora wa shanun huɗa biyu a wuya. Abin dariyar shi ne, Ingilishi na da tasu kalmar daga wannan tushe tun kafin zuwan Wiliyam, yoke. Ita aka bar ta a gona wajen shanu, baƙuwar kuwa ta shige gari.

Romawa sun san karkiya fiye da ta noma. A shekara ta 321 kafin Miladiyya, Samniyawa sun ritsa da rundunar Rum a wani kwazazzabo, suka kafa masu biyu, suka gicciya na uku a sama, suka tilasta wa sojojin wucewa ta ƙarƙashi a sunkuye. Irin wannan wulaƙanci ne ke cikin subjugate, mallake mutane da ƙarfi. Conjugal, wadda ta shafi zaman aure, ita ma daga nan take: mutum biyu, karkiya ɗaya. Mun bar wa ma'aurata su faɗa mana ko kwatancen ya yi daidai.

Connect daban take. Malamai ne suka ɗauko ta kai tsaye daga Latin, asalinta ɗauri ne. Link kuwa zobe ɗaya ne a jikin sarƙa.

A nan muke yawan yin kasala idan muna fassara. Duk ukun sai mu zuba musu haɗa, mu wuce, alhali muna da ƙulla, da sada, da gama, da ɗaura. Ƙulla zumunci ake yi, hanya kuma sada garuruwa take yi. Ita jona mun ba ta aikin wuta da waya da bututun ruwa, kuma har yau ba mu ji wanda ya ce an jona aure ba.