Masu Tsaya wa 'Ya'ya Mata a Sabon Gari da Samaru

Akwai masu cewa wai maganar kare 'ya mace daga auren dole da duka da fyaɗe baƙuwar magana ce, wadda Turawa suka sauke mana tare da sauran kayansu. Amma duk wanda ya bi tarihin Zariya a tsanake, musamman na unguwannin nan biyu da suke bayan ganuwa, wato Sabon Gari da Samaru, zai tarar 'yan ƙasa ne suka ɗauko ta, kuma sun sha wuya a kanta tun ba a san wata ƙungiya mai kuɗin waje ba. Hujjarsu ma ta gida ce, domin Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, ya zargi malaman zamaninsa a cikin Nurul Albab a kan barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuwa ta naɗa jajoji ta tura su ƙauyuka suna karantar da mata.

Sabon Gari dai jirgin ƙasa ne ya haife shi, domin bayan dogo ya iso Zariya wajen 1911, sai Turawa suka keɓe wa baƙi wuri, ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa, Yarabawa da Ibo da Nufawa da mutanen Gwalkwas. A cikin wannan haɗakar Hajiya Gambo Sawaba ta tashi, wadda aka haifa a 1933, ubanta mutumin Gwalkwas ne ma'aikacin reluwe, uwarta kuwa Banufiya. Ta zama marainiya tana ƙarama, karatunta ya tsaya a firamare, aka aurar da ita tana da shekara 13 ga wani tsohon soja, wanda ya tafi ya bar ta da ciki bai sake waiwayo ta ba. Saboda haka a lokacin da ta shiga jam'iyyar NEPU tana da shekara 17, har ta zama shugabar matan jam'iyyar a Sabon Gari, ta riƙa hawa dandamali a gaban maza tana sukar aurar da ƙananan yara da aikin tilas da hana mata ƙuri'a, ba abin da ta karanta a littafi take faɗa ba, abin da ta ɗanɗana ne. An doke ta, an aske mata kai, an ɗaure ta har sau 16, ba ta fasa ba. Kuma Allah ya ja zamaninta har ta ga matan Arewa sun fara jefa ƙuri'a a 1976.

Samaru kuwa tata gudummawar ta alƙalami ce. Wurin da ya fara a matsayin gonar gwajin noma a 1922 ya zama mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma a asibitin koyarwa na jami'ar ne Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka bi diddigin haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979, suka tabbatar da cewa mutuwa wajen haihuwa ta fi aukuwa ga ƙananan 'yan mata da waɗanda ba su zuwa awo, alhali waɗanda suka yi makaranta sun fi kuɓuta. Abin da lissafin yake nufi kowace ungozoma ta san shi: yarinya mai cikin fari ta kwana biyu ko uku a ɗaka tana naƙuda, kunya ta hana ta ko nishi mai ƙarfi, a yi mata yankan gishiri, sa'an nan a nemo mota bayan ɗan ya riga ya mutu a ciki; in ta rayu ta tashi da yoyon fitsari, miji kuma ya mayar da ita gidan ubanta. A jami'ar nan dai, bayan wani taro na 1982, aka kafa ƙungiyar Women in Nigeria, wadda Ayesha Imam tana cikin waɗanda suka assasa ta.

Amma a ganina aikin da ya fi kusa da maslahar talaka shi ne na Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata, wadda ta tsiro daga jami'ar wajen 2007, Hajiya Habiba Mohammed ta shugabance ta. Mutanen cibiyar ba su fara da wa'azi ba, sai da suka zauna da iyaye da limamai da masu unguwanni na ƙauyukan Zariya suka saurare su, suka ji cewa da yawansu ba ƙin boko ne ya sa suke cire 'ya'yansu ba, ganin yarinya ta gama firamare ba ta iya karanta ko layi ɗaya ba ne ya sa aure ya zama musu mafita. Sai aka buɗe zaman karatu a cikin gidaje da yardar masu gari, malama mace ta tara 'yan mata tana koya musu karatu da lissafi da kula da lafiya, da yadda yarinya za ta gaya wa mahaifinta muradinta cikin ladabi, aka kuma rage wa iyaye nauyin kuɗin makaranta.

Doka ta zo daga baya. Jihar Kaduna ta kafa dokar kare yara da ta hana cin zarafi a 2018, ta tsananta hukuncin fyaɗe a 2020, kuma akwai Cibiyar Salama a Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, inda ake duba waɗanda aka yi wa fyaɗe. Sai dai doka ba ta aiki a kan abin da aka binne a zaure da sunan sulhu da rufin asiri, wanda galibi asirin azzalumi yake rufawa, ya bar yarinya da ciwo da tsegumi. Don haka muna roƙon masu unguwanni da limaman Samaru da Sabon Gari, in an kawo musu irin wannan ƙara, su sa a kai yarinya asibiti a ranar, su kuma bar shari'a ta yi aikinta.