Binciken kimiyya a gabashin Sakkwato: abin da ɗalibin digiri na biyu ke buƙata a Wurno, Rabah da Goronyo

A shekarar 1930 wani masanin Birtaniya mai suna William Swinton ya wallafa bayanin wasu ƙasusuwa da suka rikiɗe suka zama dutse, waɗanda aka samo a lardin Sakkwato. A 1972 masana daga Jami'ar Florence ta Italiya, ƙarƙashin Augusto Azzaroli, suka sake nazarin dabbar, suka raɗa mata suna Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo. A lissafin masana ilimin duwatsu, dabbar teku ce da ta rayu sama da shekaru miliyan 66 da suka wuce, sa'ad da ruwan teku ya lulluɓe wannan yanki.

Sunan Goronyo ya shiga littattafan kimiyya na duniya, amma baƙi ne suka yi aikin. Har yau yankin cike yake da tambayoyin da ke jiran amsa, kuma masu karatun gaba da digiri su ne aka fi sa ran za su amsa su.

Yadda karatun yake

Karatun digiri na farko ya fi karkata ga koyon abin da wasu suka gano. A digiri na biyu da na digirgir, ana sa ran ɗalibi ya gano wani abu da kansa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, ita ce mafi daɗewa a jihar, kuma tana da makarantar karatun gaba da digiri. A bisa al'ada, ɗalibi kan fara da darussa, sannan ya gabatar da ƙudurin bincikensa gaban malaman sashe, ya fita aikin fili ko ya shiga ɗakin gwaje-gwaje, ya rubuta kundi, a ƙarshe ya kare shi gaban mai jarrabawa daga wata jami'a.

Tambayoyin da yankin ke jira

Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan kogin Rima, an tsara ta ne don ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Da ita ake noman rani, daga gare ta kuma birnin Sakkwato ke samun kaso mai yawa na ruwan sha. A Satumban 2010 ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki a kwarin Rima, ta kuma yanke hanyar shiga jami'ar kanta. A 2018 kuwa ruwan madatsar ya ja baya ƙwarai, har hukumomi suka shiga fargaba. Nawa ne laka da yashin da suka taru a cikinta? Yaya ruwan sama ke sauyawa a saman kogin? Aune-aune kaɗai ke amsa irin waɗannan.

A fadamun Wurno, inda ake noman shinkafa da albasa da tafarnuwa, akwai batun lafiyar ƙasa da ragowar maganin feshi a ruwa. Duk inda ruwa ke kwanciya kuma akwai barazanar tsargiya, cutar fitsarin jini da ƙananan katantanwa ke yaɗawa. Duwatsun yankin ma abin nazari ne, domin shimfiɗun duwatsu na Taloka da Dukamaje da Wurno daga garuruwan jihar suka samo sunayensu, kuma suna da alaƙa da ruwan da ake samu idan an haƙa rijiya.

Ƙwarewar da ake buƙata

Ta farko ita ce iya tsara tambaya. "Matsalar ruwa a Goronyo" take ne kawai, ba ya aunuwa. Amma ɗalibin da ya tambayi yadda gishirin ƙasa ya bambanta tsakanin gonakin bakin magudana da na nesa da ita, a rani da damina, ya san abin da zai ɗebo da lokacin ɗebo shi.

Ta biyu ita ce karatu da tantancewa. Kafin fita fili dole a san abin da aka riga aka rubuta, ta rumbuna irin su Google Scholar da African Journals Online. Ba kowace mujalla ce abar dogaro ba: akwai masu karɓar kuɗi su buga maƙala ba tare da masana sun duba ta ba.

Ta uku ita ce ɗaukar samfuri. Wanda ya ɗebi ruwa a rijiyoyin bakin titi kaɗai, don sun fi sauƙin kaiwa, bai auna ruwan gunduma ba. Kowace kwalba tana buƙatar lamba, da rana, da wurin da aka ɗebo ta. Zafin Afrilu a wannan yanki yakan haura digiri 40, kuma samfurin da ya wuni a bayan babur ba tare da ƙanƙara ba yana iya ba da sakamakon ƙarya.

Ta huɗu ita ce ƙididdiga. Ɗalibin da ya miƙa alƙalumansa ga wani ya lissafa masa yakan rasa bakin magana ranar kare kundi. Manhajojin R da QGIS kyauta ne, na farko don lissafi, na biyu don taswira.

Ta biyar ita ce amana. Kwafar rubutun wani da ƙirƙirar alƙaluma laifuka ne da ke iya jawo kora ko soke digiri, kuma jami'o'i na amfani da manhajoji irin su Turnitin wajen kama satar fasaha. Binciken da ya shafi jikin mutum yana buƙatar amincewar kwamitin ɗa'a da yardar wanda za a bincika, ko ta iyayensa idan yaro ne. Sallama ga hakimi da mai unguwa ladabi ne, amma ba ta maye gurbin yardar mutum. Ya kuma dace a koma a bayyana wa mutane sakamakon da Hausa.

Tsaro da kuɗi

Hare-haren 'yan bindiga sun taƙaita zirga-zirga a ƙananan hukumomin uku. Harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021, wanda ya hallaka gomman mutane, yana cikin mafi muni. Haɗarin bai tsaya kan rai ba: idan masu bincike suka taƙaita ga garuruwan da ake iya shiga, ƙauyukan da suka fi shan wahala sai su ɓace daga alƙaluma. Hotunan tauraron ɗan Adam na Landsat, waɗanda aka saki kyauta tun 2008, suna nuna faɗin ruwan madatsa da na gonaki daga nesa, sai dai ba sa auna cuta a jikin yaro. Wajibi ne kundi ya faɗi wuraren da ba a kai ba.

Ta fuskar kuɗi, asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana tallafa wa bincike da ƙaro karatu, amma ta hannun manyan makarantun gwamnati da malamansu. Ɗalibin da ba ma'aikacin jami'a ba yawanci daga aljihunsa yake sayen sinadarai ya biya kuɗin mota.

Inda abin ya haɗu da siyasa

Duk alƙawarin yashe madatsa, ko gyara magudanun Wurno, ko raba maganin tsargiya a makarantu, da ma'auni ake gane an cika shi ko ba a cika ba. Inda babu ma'aunin da aka ɗauka kafin aiki da bayansa, maganar ɗan kwangila da ta jami'i ce kaɗai ke rage wa. Kundin da aka yi da amana, aka fito da shi daga kabad ɗin sashe, hujja ce da ɗan jarida da ɗan majalisa da ƙungiyar manoma za su iya riƙewa ranar da ake kare kasafin kuɗi.