Daga Mallaka Zuwa Haya: Taƙaitaccen Tarihin Littafin Na'ura

Kamar yadda aka sani, duk wanda ya sayi littafi na takarda yana da ikon ya ba da aronsa, ya sayar, ko ya bar wa magada. A Amurka shari'a ta tabbatar da wannan iko tun 1908. Kamfanin ɗab'i na Bobbs-Merrill ya buga wani littafi, ya kafa sharaɗin kada a sayar da shi ƙasa da dala 1, sai kantin Macy's ya riƙa sayarwa a kan santi 89. Kotun Ƙoli ta yanke cewa ikon mawallafi a kan kwafi ya ƙare tun daga cinikin farko.

Littafin na'ura ya zo da wani tsari dabam, watau abin da mai saye yake biya izinin karantawa ne kawai. Wannan ya fito fili a watan Yuli na 2009, lokacin da kamfanin Amazon ya goge littattafai biyu na George Orwell daga na'urorin Kindle na mutanen da suka riga suka biya, domin wanda ya sa su a kasuwa ba shi da haƙƙinsu. An mayar da kuɗi, an kuma ba da haƙuri. A 2019 Microsoft ya rufe kantinsa, littattafan da aka saya suka daina buɗuwa. A ganina, cinikin da mai kaya ke iya warwarewa shi kaɗai ya fi kusa da haya.

Lamarin ya fi tsanani a kan tsofaffin littattafai. Cibiyar Internet Archive ta riƙa ɗaukar hoton littattafan da ke hannunta, tana ba da aron kwafi ɗaya ga mutum ɗaya a lokaci guda. Kamfanonin ɗab'i huɗu suka kai ta ƙara a 2020, ta sha kaye a 2023, ɗaukaka ƙarar ma ba ta yi nasara ba a 2024. Littattafai fiye da 500,000 aka janye daga aro.

Mu ma abin ya shafe mu. Da yawa daga littattafan da Hukumar NORLA ta buga a Zariya tsakanin 1954 da 1959 sun ɓace daga kasuwa, takardunsu kuwa sai rugurgujewa suke yi. Dokar Nijeriya tana kare aikin adabi har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Alal misali, Abubakar Imam ya rasu a 1981, don haka bisa wannan lissafi sai bayan 2051 ne ɗakin karatu zai iya saka Magana Jari Ce a intanet ga kowa ba tare da neman izini ba.