Kek mai hawa-hawa mai ɗanɗanon Chapman: Yadda ake gasa shi ba tare da barasa ba

Kek mai hawa-hawa shi ne wanda ake gasawa falle biyu ko uku, a shafa kirim a tsakaninsu, sannan a ɗora ɗaya bisa ɗaya. A Turai da Amurka akwai nau'insa da ake ba wa ɗanɗanon abin shan nan na haɗe-haɗe da suke kira koktel, irin su Piña Colada na tsibirin Puerto Rico, mai abarba da kwakwa, da Mojito na Kyuba, mai lemon tsami da na'a-na'a. Dukansu biyu da barasar rake ake haɗa su, kuma sau da yawa akan zuba ta a cikin kek ɗin ma.

A Najeriya abin da ya fi kusa da wannan shi ne Chapman, jan lemon da ake sha a liyafar aure da walima, wanda ake danganta asalinsa da kulob ɗin Ikoyi a Legas. Ana haɗa shi da Fanta da Sprite da jan siro na grenadine da kokwamba da yankan lemo. Ga matan da ke gasa kek na sayarwa a Birnin Kebbi da Argungu har zuwa Augie, a jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun 2000, sanin abin da ke cikin wannan haɗi batu ne na amana tsakaninsu da masu saye.

Inda barasa ke ɓuya

Chapman ya shahara a matsayin abin sha marar maye, amma haɗinsa na asali yana da 'yan ɗigon Angostura, wani ruwa mai ɗaci da wani likita Bajamushe, Johann Siegert, ya ƙirƙira a Venezuela a 1824, wanda a yau ake sarrafawa a Trinidad. Kashi 44.7 cikin 100 na abin da ke cikin kwalbarsa barasa ce. Haka ma tataccen ruwan vanilla da ake ƙamsasa kek da shi: dokar Amurka ta wajabta kada barasar cikinsa ta gaza kashi 35.

Mutane da dama sun ɗauka cewa wuta tana ƙone barasa ƙurmus, alhali ba haka abin yake ba. Alƙaluman Ma'aikatar Noma ta Amurka sun nuna cewa abincin da aka gasa na minti 30 yana riƙe da kusan kashi 35 na barasar da aka zuba masa, bayan awa ɗaya kuwa kusan kashi 25. Wadda aka zuba a kirim ba ta ma ga wuta ba. Don haka ya kamata mai gashi ta karanta takardar jikin kowace kwalba kafin ta saya.

Abin da ke maye gurbinta

Ɗanɗanon Chapman abu uku ne: zaƙi da tsami da ɗan ɗaci, kuma duk ana samun su a kasuwar gida. Zoɓo yana ba da jan launi da tsami, gogaggen ɓawon lemon zaƙi da kanumfari da citta kuma suna kawo ɗacin da ƙamshin.

Ana dafa busasshen zoɓo kofi ɗaya a ruwa kofi uku tare da waɗannan kayan ƙamshi na minti 15, a tace, a zuba sukari rabin kofi, a mayar wuta har ya ƙafe ya koma kofi ɗaya, sannan a matsa lemon tsami guda. Ba a sa masa kanwa, domin tana dusashe jan launin. Saboda wannan dalili ne ma ba a zuba shi a ƙullun kek, sai bayan an gasa.

Ƙullu da gashi

Ga falle biyu a gwangwani mai faɗin inci 8, ana buƙatar fulawa da sukari da bota giram 250 kowanne, ƙwai biyar, bakin hoda ƙaramin cokali biyu, da gogaggen ɓawon lemon zaƙi guda biyu. Ana buga bota da sukari har su yi fari su tashi, a riƙa fasa ƙwan ɗaya bayan ɗaya, sannan a zuba tankaɗaɗɗiyar fulawa da bakin hoda a juya a hankali. Yawan bugu bayan fulawa ta shiga yana sa kek tauri.

A oben ana gasawa a digiri 180 na minti 25 zuwa 30. Inda babu wutar lantarki ko gas, babbar tukunya mai yashi a ƙasa tana yin aikin: a zafafa ta a kan gawayi, a jera 'yan duwatsu don kada gwangwanin ya taɓa yashin, a rufe ruf, kada a buɗe sai bayan minti 20. Idan aka soka tsinke ya fito fes, kek ya gasu.

Haɗawa da adanawa

Sai fallayen sun huce sarai ake daidaita samansu da wuƙa, a tsattsaga su da tsinke, a yayyafa wa kowanne cokali huɗu na ruwan zoɓon. Kirim kuwa bota giram 200 ne da garin sukari giram 400 da ruwan zoɓo cokali uku. Yankan kokwamba da lemo na ado ba a ɗora su sai dab da yankawa, domin suna fitar da ruwa.

Babban abokin gabar wannan kek a kwarin Rima shi ne zafi. Bota tana narkewa daga wajen digiri 32, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin yankin kan wuce 40. Wadda za ta kai kek daga Birnin Kebbi zuwa gidan biki a Argungu ko Augie, zai fi mata ta ɗauki fallayen a naɗe daban, kirim a cikin kula mai ƙanƙara, ta haɗa su bayan ta isa. Idan kuwa dole ne ya tafi a haɗe, sai a sanyaya shi tukuna, a kama hanya da sassafe.