Kifi da kayan miya a ruwa ɗaya: yadda akwaponi ke aiki a tsakar gida

Akwaponi, kamar yadda ake ce masa da Faransanci, shi ne haɗa kiwon kifi da noman ganye cikin ruwa ɗaya mai zagayawa. Ba ya buƙatar gona. Kusurwar tsakar gida ma ta isa.

Ga yadda abin yake. Kifi yana fitar da wani sinadari mai suna amoniya ta numfashinsa da kashinsa, wanda in ya taru a ruwa sai ya zame masa guba. Ƙaramin famfo ne ke tura ruwan zuwa wani kwami cike da tsakuwa, mai zurfin santimita 30. A jikin tsakuwar akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ke mai da gubar nan takin da tsiro ke sha. Saiwoyi su tsotse, ruwa ya koma wa kifi da tsabta. Ƙwayoyin nan suna ɗaukar sati 4 zuwa 6 kafin su kafu, shi ya sa ba a cika tanki da kifi tun ranar farko. A fara da kaɗan.

Hukumar FAO ta fitar da littafin jagora kan wannan a 2014. Ma'auninta shi ne kilo 10 zuwa 20 na kifi a tanki mai lita 1000, da giram 40 zuwa 50 na abincin kifi kullum ga kowace murabba'in mita ta ganye. Salati, alayyafo da na'ana'a sun fi saurin karɓa. Tumatir da tattasai sai tsarin ya yi ƙwari. Ruwan da ake ƙarawa kullum bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 ba, kuma duk wanda ya taɓa jan guga a garka ya san abin da wannan ke nufi.

To amma a ƙasarmu, inda gizo ke saƙa shi ne wuta. In famfo ya tsaya, iskar da kifi ke shaƙa cikin ruwa ta fara ƙarewa, kuma ruwa mai ɗumi dama bai riƙe iska sosai. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Maraɗi da Tawa, ɗaukewar wuta ta ƴan awoyi na iya kashe karfasa tanki guda. Don haka mu dai muna ganin mai farawa ya ɗauki tarwaɗa, wadda ke iya leƙowa sama ta shaƙi iska. A yi wa tanki rumfa, ganye kuwa a bar masa hasken safe. Ƴan uwa da ke waje masu son kafa wa gida wannan abu, ku fara da kuɗin faranti mai aiki da hasken rana da batir, kafin kuɗin kifi. Da sanyin hunturu kuma kifi na rage ci, sai a rage masa abinci, kar ragowar ta ruɓe a ruwa.

Sai batun tsakuwa da ruwan kansa. Dutsen farar ƙasa, irin wanda ya yawaita wajen Malbaza, yana sauya ruwa har ganye ya kasa shan taki ya koma ɗorawa. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗiga wa tsakuwar ruwan lemun tsami, in ta yi kumfa a nemi wata. Ruwan rijiya mai kanwa shi ma haka. Na famfo a ajiye shi a buɗe kwana 1 ko 2 maganin da ke ciki ya fice.

Maganin ƙwari kuwa ba ya shiga nan sam, domin abin da aka fesa wa ganye cikin ruwan kifi zai ƙare. Tsutsa da hannu ake cire ta, a jefa wa tarwaɗa.