Tarihin Fom ɗin Neman Gurbin Karatu a Ƙasar Kafur

Cike fom domin neman gurbin karatu al'ada ce da ba ta daɗe ba a ƙasar Hausa. A farkon zamanin Turawa makaranta ce ke neman yara. Umarni kan sauko daga En'e zuwa ga hakimi, daga hakimi zuwa ga dagaci, a ce a kawo yara kaza, iyaye kuwa da yawa suna ɓoye nasu. Ɗaliban Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, zaɓo su ake yi daga makarantun larduna. Sai bayan da amfanin boko ya fito fili, aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, aka kuma soma shirin firamare kyauta a 1976, masu nema suka fi gurabe yawa. Daga nan takardar nema ta zama ƙofar farko ga ɗan manomin Kafur, Masari, Gozaki ko Mahuta mai son wuce sakandare.

Zamanin takarda da gidan waya

Kafin 1978 kowace jami'a ita ke sayar da fom ɗinta, ta shirya jarrabawarta. Mai hali kan nemi jami'a uku ko huɗu, ya samu gurbi a biyu, wani kuma ya rasa gaba ɗaya. Domin magance haka gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa hukumar shirya jarrabawar shiga jami'a, wato JAMB, a 1978, Michael Angulu ya zama magatakardanta na farko. A 1989 aka ƙara mata nauyin kwalejojin fasaha da na horar da malamai.

Fom ɗin hukumar takarda ce da ke zuwa da littafin jerin makarantu da kwasa-kwasai. Wani sashensa da fensir ake cike shi: kowane harafi na suna da ɗan gurbinsa da za a baƙanta, domin na'ura ce ke karantawa. Gurbi ɗaya da aka kuskure kan mai da Sani ya koma Sami har a takardar sakamako. Shi ya sa akan kai fom wurin malamin makaranta ko wani ma'aikaci a dangi, a shimfiɗa shi a kan faranti ko bayan littafi, a fara gwadawa a wata takarda kafin a taɓa ta ainihi.

Wurin adireshi ma wani aiki ne. Ƙauye ba shi da lambar gida ko sunan titi, don haka ɗalibi kan ari akwatin gidan waya na makaranta, ko na wani ɗan'uwa a Malumfashi ko Funtuwa. Ta nan takardar shiga jarrabawa da ta sakamako ke zuwa, kuma idan wasiƙa ta makara a hanya, shekara guda ta tafi.

Matsalar suna da ranar haihuwa

Akwai cikas ɗaya da ya bi fom tun daga takarda har zuwa kwamfuta. An tsara shi bisa tsarin sunan iyali, wanda ba haka Bahaushe ke suna ba. Yaro na da sunan yanka, ga sunan mahaifi, sau da yawa kuma makaranta ta liƙa masa sunan garinsu. Mutum ɗaya kan zama Musa Ibrahim a firamare, Musa Ibrahim Kafur a sakandare, Ibrahim Musa a fom. Muhammadu kuwa ana rubuta shi ta hanyoyi da dama. Haka ranar haihuwa: wanda aka haifa a gida, abin da ake tunawa shi ne lokacin kaka ne ko watan azumi. Wannan ne ya sa takardar rantsuwa daga kotu ta zama abokiyar tafiyar fom a wannan yanki.

Katin kankarewa da shagon intanet

Bayan shigowar wayar salula a 2001, rajista ta koma intanet sannu a hankali. Ɗalibi kan sayi katin kankarewa, ya kai shagon intanet, inda mai shago zai shigar da bayanansa ana jin ƙarar janareto. A lokacin ne manyan makarantu suka ƙaru a Jihar Katsina: Jami'ar Al-Qalam a 2005, jami'ar jiha wadda yanzu ke ɗauke da sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Dutsinma a 2011. A 2010 aka haɗe jarrabawar jami'a da ta kwalejoji ta zama ɗaya, wato UTME.

Jiran wasiƙa ya ƙare, amma fom ya bar hannun mai shi. Shafin da Ingilishi yake, an kuma ɗauka mai cikewa ya iya kwamfuta. A zahiri mai shago ne ke bugawa, ga layi a bayansa, wani lokaci ya sa imel ɗinsa ko lambarsa a madadin ta ɗalibi, har ya zaɓar masa kwas. Kuskuren da aka yi cikin minti biyar kan ɗauki watanni ana gyara.

Jarrabawar kwamfuta da gyare-gyaren 2017

A zamanin Farfesa Dibu Ojerinde aka fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, aka kuma daina ta takarda a 2015. Ga ɗalibin da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, hannu na rawa tun kafin a karanta tambaya. Farfesa Is-haq Oloyede, wanda ya karɓi hukumar a 2016, ya kawo sauye-sauye a 2017. Mafi sauƙinsu shi ne tsarin maɓallai takwas: A, B, C da D na zaɓen amsa, N na tafiya gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki, R na janyewa idan an taɓa S bisa kuskure. Duk wanda ya saba da maɓallan ƙaramar waya zai iya. Wannan gyara ya samu ne saboda an dubi hannun ɗalibi kafin a tsara allon.

A shekarar aka soke katin kankarewa, aka mayar da rajista cibiyoyin da hukuma ta amince da su, inda ake ɗaukar hoto da zanen yatsu goma. An fara jarrabawar gwaji, an kafa rukuni mai kula da makafi, an kuma buɗe manhajar CAPS, wadda ɗalibi ke ganin gurbin da aka ba shi ya karɓa ko ya ƙi. A 2019 kuɗin fom ya sauko daga naira 5,000 zuwa 3,500.

Lambar NIN da layin waya

Daga 2021 sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, ake rajista. Ɗalibi kan tura ta a saƙon tes zuwa 55019, a dawo masa da lambar da zai sayi fom da ita, kuma bayanansa na hukumar katin ɗan ƙasa su ne ke hawa fom kai tsaye. Wannan ya toshe hanyar 'yan sojan gona ƙwarai, sai dai kuskuren suna yanzu a wata hukumar ake fara gyara shi. Layin wayar ma ya zama kamar takardar gona: wanda ya yi rajista da layin yayansa ko na maƙwabci, idan layin ya ɓata ya shiga wahala.

Dogaro da waya na da nasa rauni. A Satumba 2021 an katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtuwa da Malumfashi, garuruwan da mutanen Kafur ke zuwa domin banki da buga takardu. A 2025 kuma tangarɗar na'ura ta sa ɗalibai kusan 380,000 a Legas da kudu maso gabas suka sake jarrabawa, shugaban JAMB ya fito ya nemi afuwa.

A yau matakan da ɗan Kafur ke bi su ne mallakar NIN mai sunan da ya yi daidai da na takardun sakandare, layin waya na kansa, biyan kuɗi a banki ko wurin mai POS, zuwa cibiya domin hoto da yatsu, buga silif, rubuta jarrabawa, sannan bibiyar CAPS. Mafi yawan matakan nan har yanzu suna buƙatar kuɗin mota, wutar caji da sabis, shi ya sa rajista, wadda kan faɗo a farkon shekara, ke cin buhun masara ko na waken soya daga amfanin kaka a gidaje da yawa.